Gobarar Batir da Makomar Motoci Masu Amfani da Lantarki

1.0 Gabatarwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur a Nijeriya, maganar motar da ba ta shan mai ta shigo tashoshin mota da majalisun hira. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Wannan ya sa direbobi, 'yan acaɓa da masu keke-napep suka fara tambayar ko abin hawa mai amfani da lantarki zai fisshe su. Sai dai duk lokacin da aka tayar da zancen, akan sami wanda zai ce, "Ai ita ce motar nan da ke kamawa da wuta, ruwa ma ba ya kashe ta."

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana yadda batirin irin waɗannan motoci yake, dalilan da ke sa shi kama wuta, da kuma abin da hakan ke nufi ga makomarsu. Abin da na fahimta daga nazarin da na yi shi ne, motar lantarki ba ta kai ta fetur yawan kama wuta ba, amma wutarta daban ce, kuma mafi yawan hatsarin yana tattare da batir maras inganci, ko wanda ya sami rauni, ko wanda aka taɓa ba da sani ba. Tunda mu a nan ƙasar mun fi sayen kayan hannu da na araha, wannan batu ya shafe mu kai tsaye.

2.0 Yadda Batirin Litiyam Yake

Batirin da muka saba gani a motar fetur na darma ne da ruwan asid, kuma babban aikinsa tayar da inji. Na motar lantarki kuwa ana kiran sa batirin litiyam. Irinsa ne a cikin wayar salula, kwamfutar tafi-da-gidanka, fawa-bank da kuma yawancin sababbin baturan sola. Kamfanin Sony na ƙasar Jafan ne ya fara fito da shi kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku, wato John Goodenough, Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai saboda aikin da suka yi a kansa.

Batirin mota ba dunƙule ɗaya ba ne. Tarin ƙananan batura ne da zan kira ƙwayoyi, waɗanda ake jerawa a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin motar. Wata motar tana da ƙwayoyi manya ɗari biyu ko ƙasa da haka, wata kuma, kamar Tesla Model S ta farko, tana da ƙanana kimanin 7,000. Kowace ƙwaya tana da sassa huɗu:

(a) Gefen negatib, wanda akasari ake yi da girafait, wato irin baƙin abin nan da ke cikin fensir.

(b) Gefen fositib, wanda ake yi da litiyam haɗe da wasu ma'adinai, ko dai nikel da manganis da kobal, ko kuma ƙarfe da fosfet.

(c) Ruwan batir, wanda litiyam ke bi ta cikinsa yana kai-da-kawo tsakanin gefunan biyu yayin caji da yayin amfani. Wannan ruwa ba kamar na batirin darma ba ne, domin shi yana cin wuta kamar kananzir.

(d) Tantani, wato wata siririyar ledar roba da ba ta kai kaurin gashin kai ba, wadda ke raba gefunan biyu don kada su taɓa juna.

Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan tantani a zuciyarsa, domin a kansa yawancin labarin gobarar batir yake.

3.0 Yadda Wuta Ke Tashi

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matuƙar tantani yana nan lafiya, ƙwaya za ta yi ta aiki shekara da shekaru. Idan ya yage ko ya narke, sai gefunan biyu su haɗu, duk ƙarfin da aka tara a cikin ƙwayar ya nemi fita a lokaci guda, ya zama zafi. Da zafin ya kai wajen digiri 130 a ma'aunin Salsiyas, sauran tantanin ma zai fara narkewa. Daga nan sinadaran da ke ciki sukan fara rugujewa, rugujewar kuma ta haifar da ƙarin zafi, zafin ya ƙara saurin rugujewar. Wannan yanayi shi zan kira ɓarkewar zafi. Cikin ɗan lokaci ƙwayar za ta kai ɗaruruwan digiri, ta fesar da hayaƙi da iska mai cin wuta, sannan ta ɗumama maƙwabciyarta har ita ma ta ɓarke. Haka abin zai yi ta bi ƙwaya bayan ƙwaya.

Abubuwa huɗu ne suka fi jawo wannan.

Na farko, kuskure daga masana'anta. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7, kimanin guda miliyan biyu da rabi a zagayen farko, daga baya ma ya daina ƙera ta baki ɗaya saboda baturanta na kama wuta. A ɓangaren motoci, kamfanin General Motors na Amurka ya janye dukkan motocinsa samfurin Chevrolet Bolt, kimanin 140,000, tsakanin 2020 da 2021. An gano cewa a wasu ƙwayoyi ƙalilan an sami lahani biyu tare: yagewar wani ɗan harshen ƙarfe a gefen negatib, da kuma naɗewar tantani. Kafin a sauya baturan, an shawarci masu motocin da su riƙa ajiye su a waje, kada kuma su bar su a caji cikin gareji da dare. Haka nan a 2021 kamfanin Hyundai ya janye motoci kimanin 82,000, mafi yawansu samfurin Kona, don sauya musu batir.

Na biyu, rauni daga waje, kamar karo, ko dutse ko ƙarfe ya huda akwatin batir daga ƙasa. Abin lura a nan shi ne wutar ba lallai ta tashi nan take ba. Ƙwayar da ta ji rauni tana iya yin kwanaki kafin ta ɓarke.

Na uku, caji ba bisa ƙa'ida ba. Kowace mota tana da wata 'yar kwamfuta da ke sa ido a kan zafi da ƙarfin kowace ƙwaya, ta kuma yanke caji idan ya isa. Idan babu wannan mai gadi, ko aka cire shi, ko aka yi amfani da cajar da ba ta dace ba, ƙwaya na iya shan abin da ya fi ƙarfinta.

Na huɗu, ruwa, musamman na gishiri. Bayan guguwar Ian da ta afka wa jihar Fulorida ta Amurka a watan Satumba na 2022, wasu motocin lantarki da ruwan teku ya shanye sun kama wuta kwanaki, wasu ma makonni, bayan ruwan ya janye. Gishirin da ya bushe a cikin akwatin batir shi ya zama gadar da lantarki ke bi.

4.0 Shin Ta Fi Motar Fetur Kama Wuta?

Amsa a taƙaice ita ce a'a. Hukumar kula da agajin gaggawa ta ƙasar Suwidin, wadda a lokacin ake kira MSB, ta fitar da alƙaluman shekarar 2022 da suka nuna cewa a cikin kowace mota 100,000 masu lantarki ko masu haɗa lantarki da mai, kusan 4 ne suka yi gobara. A cikin motoci gaba ɗaya kuwa, 68 ne a kowace 100,000. Dole a yi wa wannan lissafi adalci: motocin lantarki sababbi ne, tsofaffin motoci kuma su suka fi kama wuta, sannan adadin na biyu ya haɗa har da motocin da aka cinna wa wuta da gangan. Duk da haka tazarar tana da faɗi.

To me ya sa jama'a ke ganin akasin haka? Dalili shi ne sabon abu shi ke jan hankali. A watan Oktoba na 2023 gobara ta tashi a ginin ajiye motoci na filin jirgin saman Luton da ke Ingila, ta lalata motoci fiye da 1,300. Kafin gari ya waye jita-jita ta cika intanet cewa motar lantarki ce sanadi, alhali hukumar kashe gobara ta yankin ta tabbatar da cewa daga motar dizal wutar ta faro.

Mu 'yan Nijeriya ba ma bukatar a ba mu labarin wutar fetur. A watan Oktoba na 2024 fashewar tankar mai a garin Majiya na jihar Jigawa ta hallaka fiye da mutum 150. A watan Janairu na 2025 irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, inda fiye da mutum 80 suka rasu. Mun daɗe da zama da fetur ne kawai, har ya daina ba mu tsoro.

5.0 Abin da Ya Sa Wutar Batir Ke da Wuyar Kashewa

Ƙarancin aukuwa ba ya nufin sauƙin magancewa. Akwai dalilai huɗu da suka sa 'yan kwana-kwana a ko'ina cikin duniya ke ɗaukar wannan wuta da muhimmanci.

Da fari, wutar fetur tana mutuwa idan aka hana ta iska, shi ya sa kumfa ko yashi ke kashe ta. A batir kuwa, zafin daga cikin sinadaran yake fitowa, kuma gefen fositib, musamman mai nikel da kobal, yakan saki iskar oksijin idan ya ruguje. Ana iya danne harshen wutar daga waje amma cikin yana ci gaba da dahuwa.

Na biyu, maganinta shi ne sanyaya ƙwayoyin da ruwa mai yawa, su kuma suna kulle a cikin akwatin da aka yi shi don kada ruwa ya shiga. Littafin jagora da kamfanin Tesla ya tanadar wa masu kashe gobara ya ambaci cewa ana iya bukatar lita 11,000 na ruwa ko fiye da haka. Saboda haka maganar cewa ruwa ba ya kashe ta ba daidai ba ce. Ruwan ne ake bukata da yawa.

Na uku, tana iya sake tashi bayan awoyi ko kwanaki, domin ƙwayoyin da ba su ƙone ba suna nan da ƙarfinsu da rauninsu.

Na huɗu, hayaƙinta yana ɗauke da guba, kuma idan iskar da ƙwayoyin ke fesarwa ta taru a rufaffen wuri tana iya fashewa.

Misalin da ya haɗa waɗannan duka shi ne na birnin Incheon a Koriya ta Kudu. A ranar 1 ga Agusta, 2024, wata motar lantarki ƙirar Mercedes-Benz da ke ajiye a garejin ƙarƙashin ƙasa na wani rukunin gidaje ta kama wuta, alhali ba a caji take ba. An shafe kimanin awa takwas kafin a kashe wutar. Gomman motoci sun ƙone ƙurmus, ɗaruruwa sun lalace, an kuma kai fiye da mutum 20 asibiti saboda shaƙar hayaƙi. Bincike ya nuna cewa na'urorin yayyafa ruwa na ginin ba su yi aiki ba a lokacin da ake bukatarsu. Wato dai batir ne ya tayar da wutar, amma rashin shiri ne ya ba ta damar yaɗuwa.

6.0 Inda Hatsarin Ya Fi Yawa

Wani abu da ya ba ni mamaki a wannan nazari shi ne, baturan da suka fi kashe mutane ba na manyan motoci ba ne, na ƙananan abubuwan hawa ne, wato kekuna da babura masu caji. A birnin New York na Amurka, gobarar batirin litiyam ta kashe mutum 18 a 2023, kuma yawancinta daga irin waɗannan kekuna ne da masu kai saƙon abinci ke amfani da su. A birnin Landan ma hukumar kashe gobara ta ce a wannan shekara kusan duk bayan kwana biyu sai ta fita kashe wutar keke ko babur mai caji.

Dalilan a fili suke. Batirin mota yana cikin akwati mai ƙarfi, yana da na'urar sanyayawa da kwamfutar da ke gadinsa. Na keke mai araha kuwa sau da yawa an harhaɗa shi ne daga tsofaffin ƙwayoyi, ana caja shi da kowace irin caja, a cikin ɗaki, da dare, kusa da ƙofar da mutane za su bi su tsira. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne, a 2023 birnin New York ya kafa dokar hana sayar da kekuna da baturan da ba su da shaidar gwajin inganci, aka kuma dage da wayar da kan jama'a a kan su riƙa caji a waje. A 2024 adadin waɗanda suka mutu ya sauko zuwa 6. Wannan ya nuna cewa doka da ilimi suna aiki.

7.0 Makomar Motocin Lantarki

Duk da waɗannan gobara, kasuwar ba ta ja baya ba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2024 an sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17, wato fiye da mota ɗaya cikin kowace biyar da aka sayar a duniya. A ƙasar Sin kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a shekarar masu lantarki ne, a Norwe kuma kusan tara cikin goma. A nan Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu amfani da fetur ko dizal a 2024.

Ana kuma tunkarar matsalar wuta ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce sauya sinadari. Batirin da ake yi da ƙarfe da fosfet, wanda ake kira LFP, ya fi jure zafi, ba ya saurin sakin oksijin, kuma ya fi araha, ko da yake ba ya tara ƙarfi kamar mai nikel. A 2020 kamfanin BYD na ƙasar Sin ya nuna gwajin da aka soka ƙusa a cikin irin wannan batir nasa bai kama wuta ba. Wannan ba ya nufin LFP ba ya ƙonewa sam, sai dai ya fi wuyar ɓarkewa. Akwai kuma batirin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda kamfanin CATL ya gabatar a 2021. Sannan ana aiki a kan batirin da babu ruwa mai cin wuta a cikinsa, wanda a 2023 kamfanin Toyota ya ce yana hanƙoron fitarwa a 2027 ko 2028.

Hanya ta biyu ita ce doka. Bayan gobarar Incheon, gwamnatin Koriya ta Kudu ta wajabta wa masu ƙera motoci su bayyana kamfanin da ya yi batirin kowace mota. A ƙasar Sin, ƙa'idar 2020 ta bukaci mota ta ba fasinjoji gargaɗin minti biyar kafin wuta ta iso gare su. A 2025 aka fitar da sabuwa mai tsauri, wadda aka sa 1 ga Yuli, 2026 a matsayin ranar fara aikinta, da ke cewa ko ƙwaya ɗaya ta ɓarke, bai kamata batirin ya kama wuta ko ya fashe ba.

8.0 Ina Muka Tsaya a Nijeriya?

An riga an fara. A 2020 kamfanin Stallion ya gabatar da motar Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas. Daga 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, wato NADDC, ta kafa tashoshin caji masu amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Legas da Jami'ar Nijeriya ta Nsukka. A Maiduguri ana jigilar fasinjoji da motocin lantarki, babura masu caji kuma sun fara bayyana a wasu manyan birane.

Amma a nawa ganin, motar lantarkin da talaka zai hau a ƙasar nan ba sabuwa ba ce, tokumbo ce, kamar yadda muka saba. Sanannen abu ne cewa da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shafa. Motar fetur da ta sha ruwa, makaniki zai wanke ta, ya sauya mai, ta tashi. Motar lantarkin da ta sha ruwan gishiri kuwa tana iya yin kyau a ido alhali ciwon yana cikin akwatin batir. Ga ramukan hanyoyinmu da ke dukan ƙasan mota, ga ambaliyar damina a Legas da Fatakwal, ga zafin bazara a Arewa, ga wutar lantarki mai hawa da sauka. Bugu da ƙari, batirin mota yana ɗauke da ƙarfin bolt 400, wasu ma 800, wanda zai iya kashe makanikin da ya taɓa shi da irin sanin da ya yi wa batirin bolt 12. Haka kuma motar kwana-kwana da ke zuwa da tanki guda, a unguwar da babu famfon gobara, ba za ta wadatar ba.

Saboda haka ina ganin akwai aiki a gaban Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON da hukumar kwastam, na tabbatar da lafiyar batir kafin ya shigo. Akwai bukatar horar da 'yan kwana-kwana da jami'an kiyaye haɗurra, da kuma makanikai, tun daga Ladipo a Legas har Panteka a Kaduna, cikin harshen da suke ji. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

9.0 Matakan Kariya

Kafin mu mallaki mota, yawancinmu muna kwana da batirin litiyam a ɗakunanmu. Ga abin da ya kamata mu kiyaye:

1. A yi amfani da cajar da ta dace da na'urar, a guji batir maras suna ko wanda aka harhaɗa daga tsofaffin ƙwayoyi.

2. Kada a yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, kada kuma a bar keke ko babur a caji a bakin ƙofa ana barci.

3. Batirin da ya kumbura, ko yake zafi fiye da kima, ko yake wari ko ƙara, a daina amfani da shi nan take, a fitar da shi waje nesa da abin da ke cin wuta.

4. Kada a bar waya ko fawa-bank a cikin motar da ke kulle a rana.

5. Motar lantarkin da ta yi karo ko ta nutse a ruwa, a ajiye ta a fili nesa da gini har sai ƙwararre ya duba ta.

6. Kada wanda bai sami horo ba ya taɓa wayoyi masu launin ruwan lemo a motar lantarki, domin su ke ɗauke da babban ƙarfi.

7. Idan hayaƙi ya fara fita daga ƙarƙashin mota, a fita, a yi nisa, a kauce wa inda iska ke kai hayaƙin, sannan a sanar da 'yan kwana-kwana cewa motar ta lantarki ce.

10.0 Kammalawa

A wannan maƙala na bayyana sassan batirin litiyam, yadda ɓarkewar zafi ke faruwa, da dalilan da suka sa wutarsa ke da wuyar kashewa duk da cewa ba ta cika aukuwa ba. Na kuma nuna cewa ƙasashen da ke ƙera waɗannan motoci suna rage hatsarin ta hanyar sabon sinadari da tsauraran dokoki. Damuwata ita ce, yayin da suke sauya tsofaffin baturansu da sababbi, tsofaffin za su nemi kasuwa, kuma mun san inda irin waɗannan kaya suka saba sauka. Motar lantarki za ta zo mana, domin tsadar mai ba za ta bar mu mu ƙi ta ba. Abin da ya rage shi ne ta same mu da ma'aunin inganci a tashar jiragen ruwa, da makanikin da ya san aikinsa, da 'yan kwana-kwanan da ke da ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.